Farcen Gwaggon Samfur

A ofishin kwastan na tashar kaya, in ka shiga ta ƙofar baya ka wuce famfon nan da ba ya rufuwa sai an ɗaure masa wuya da roba, ɗaki na biyu a hagu shi ne ɗakin samfur. Teburi ɗaya ne a ciki, sai kabad mai aljihu goma sha biyu, sai fanka da ke juyawa kamar dole aka yi mata. Matar da ke zaune a wurin, ko wa ka tambaya a ginin, daga mai gadi har Oga, zai ce maka Gwaggon Samfur ce. Shekararta ashirin da shida tana aiki ɗaya. Duk yadin da ya shigo ta wannan tasha, ita ce za ta sauka sito da almakashinta, ta yanko faɗin tafin hannu daga bandir, ta manna a kan kati, ta rubuta lambar kwantena, ta haura da shi bene wurin masu rarraba kaya. Can sama su ne masu digiri, su ne masu ƙaton kundin da ke faɗin lambar kowane irin kaya da kuɗin fiton da ya hau kansa. Ita nata almakashi ne da salatif.

Sai dai kada ka kuskura ka ce mata ƙaramin aiki ne, don za ka sha bayani har ka manta abin da ya kawo ka. 'Yar tela ce. A ƙarƙashin teburin mahaifinta ta yi rarrafe cikin ƙyallaye, kuma tsohon irin mutanen nan ne da za su farke riga ɗungurungum saboda kalmasa ta ɗan karkace. Babban wanta ya gaji keken, ita ta gaji ciwon. Da shara ta fara a kwastan, da goyon 'yarta ta fari a baya. Wata rana dattijon da ke riƙe da ɗakin samfur a lokacin ya tarar da ita tana daidaita bakin wani ƙyalle da ya yanka a karkace, wai idonta ne ya kasa ɗauka. Maimakon ya yi faɗa, sai ya miƙa mata almakashin ya koma ya zauna. Da ya yi ritaya babu wanda ya tsaya neman wani.

Katunan Gwaggo abin kallo ne. Kusurwa huɗu cif, ba zare ko ɗaya da ya leƙo, rubutu a miƙe. In baƙin jami'ai sun zo daga wasu tashoshi, Oga kan sa a ɗauko musu su gani, ita kuma ta tsaya bakin ƙofa tana yi kamar ba da ita ake ba. Har da ƙarin da babu wanda ya sa ta. In yadin na roba ne, irin wanda ake saƙawa da siraran ziri a ɗinka buhu da shi, takan zaro ziri uku daga gefe, ta goge kowanne da farcen babban yatsanta har ya kwanta sumul, ta jera su a ƙasan katin ta danne da salatif, don kada yaran sama su sha wahalar awo. Wannan farcen kaɗai take bari ya yi tsawo, shi ya sa mijinta yake ce masa ma'aikacin gwamnati.

Awon kuwa ba wasa ba ne. A ƙa'idar kundin, in faɗin zirin bai wuce milimita biyar ba, abin da aka saƙa da shi yadi ne. In ya wuce biyar, ya tashi daga yadi ya koma dangin tabarma da kwando, lambarsa daban, kuɗin fitonsa daban. Na waje zai ga abin dariya ne a ce ƙatuwar kwantena ta tsaya saboda abin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma haka aikin yake. Wanda ya rubuta yadi a takardarsa aka auna aka ce tabarma ce, kayansa ba su fita sai kwamiti ya zauna.

A shekarar da abin ya faru, saura wata biyu Gwaggo ta yi ritaya. Fayil ɗinta siriri ne, babu takardar tuhuma ko ɗaya a ciki, kuma a wannan ofis duk wanda ya gama aiki da irin wannan fayil, takardar yabo ake miƙa masa a gaban kowa, da hatimin hedkwata. Cikin shekara goma mutum biyu suka samu. Oga ya riga ya tsegunta mata cewa sunanta ya tafi. Gwaggo ba ta taɓa riƙe takardar shaidar komai ba a rayuwarta, ko ta firamare ba ta kai ga karɓa ba, don haka tana son wannan takarda, so na gaske, irin wanda mutum ke jin nauyin faɗa. Mijinta, tsohon direban tirela da unguwa ke kira Baba Birki, shi bai san wannan nauyin ba. Ya gaya wa mai shago, ya gaya wa mai aski, ya gaya wa surukansu, har mai gyaran takalmi na bakin layi ya san ranar.

Ana cikin haka sai ga Mai Buhu. Gajeriyar mace ce kakkaura, da murya da ba ta buƙatar lasifika. Tana da rumfa a bayan kasuwar kayan lambu da keken ɗinki goma sha ɗaya, ita da matan da ke mata aiki suna ɗinka buhunan albasa. Da a hannun dillalai take sayen yadi, bana ta yi ta maza ta shigo da kwantenarta ta farko, bandir tamanin na jan yadin roba mai huji-huji, don albasa in ba ta sha iska ba ruɓewa take yi. Gwaggo ta sauka ta yanko samfur ta haɗa katinta yadda ta saba. Jami'ar da katin ya faɗa hannunta, wata yarinya mai tabarau da ko tabbatar da ita a aiki ba a yi ba tukuna, ta ɗora ma'auni a kan ziri ukun ta samu milimita takwas. Ta rubuta tabarma, takardar Mai Buhu kuwa ta ce yadi. Aka garƙame kwantena aka ce kwamiti sai nan da mako huɗu, alhali saura kwana goma sha biyu manoma su fara cire albasa.

Ejan ɗin Mai Buhu, mai yi mata takardun fitar da kaya, ya ce ta je gida ta yi haƙuri, ta ce masa haƙurin gida ba ya buɗe kwantena. Ta zo ta kafa zama a bencin da ke ƙofar ɗakin samfur, don nan ne kaɗai rana ba ta kaiwa. Gwaggo kuwa ba ta iya cin abinci wani na zaune a gefe, tun ranar farko ta miƙa mata cokali. Kafin rana ta uku kowacce ta san jikokin ɗaya da ciwon gwiwar ɗaya, Mai Buhu tana ce mata Yaya. Kullum in an gama cin abincin rana, sai Mai Buhu ta gyara ɗaurin zani ta buɗe babin addu'a a kan wanda ya riƙe mata kaya, ko wane ne shi. Allah ya sa takalminsa ya tsinke a tsakiyar titi ranar da ya ci ado, Allah ya sa duk motar da ya shiga taya ta yi faci, Allah ya sa albasa ta yi masa tsada har ƙarshen rayuwarsa. Gwaggo tana dariya har da hawaye tana cewa amin. A ranta ta ɗauka kamfanin da ya sayar da yadin ne ya yi ha'inci, ya turo abin da ba shi aka saya ba.

Dariyar ba ta hana ta lura ba. Wayar Mai Buhu ba ta hutawa, in ba manomi ba ne yana tambayar buhunansa, to ɗaya daga cikin matan rumfa ce tana tambaya ko ta nemi aiki wani wuri. Duk ta amsa musu da ƙarfin murya, amma in ta kashe wayar takan ɗan jima tana kallon ƙasa.

Rana ta tara Mai Buhu ta zo da wani jan ƙyalle a jaka, samfurin da kamfanin ya aiko mata tun kafin ta yi oda, wai Yaya ta duba mata da idon sani ko ya bambanta da na cikin kwantena. Gwaggo ta juya shi gaba da baya ta ce ita dai ba ta ga bambanci ba. Suna ta hira, hannunta ya zaro ziri ɗaya shi kaɗai ba da shawararta ba, ya kwantar da shi a kan cinyarta, farcen ya bi ta kai. Sai zirin ya buɗe. Ashe a ninke yake gida biyu tun daga masaƙa, don ya yi ƙwari. Ɗan siririn abu ya baje a cinyarta ya ninka faɗinsa.

Gwaggo ba ta da digiri, amma shekara ashirin da shida kunnenta na jin gardamar masu digiri. Ta sani sarai cewa ziri yadda yake kwance a cikin saƙa ake auna shi, a ninke ko a murɗe, ba a warware shi. Duk waɗanda ta goge a baya dama a shimfiɗe suke, farcen bai canza musu komai ba. Ta tuna ranar da ta haɗa katin Mai Buhu. Kwantena bakwai aka buɗe, mai sito yana tsaye a kanta yana ba ta labarin haƙorinsa, ziraran suka yi mata gardama, ta bi su da farce sau biyu har suka kwanta, ta ma ji daɗin yadda suka yi kyau. Ba kamfani ba ne, ba yarinya mai tabarau ba ce. Kwana tara ke nan tana cewa amin a kan kanta.

Mai Buhu ta tambaye ta ko lafiya, ta ce kanta ne ya ɗan sara. Ta dunƙule zirin a hannu har aka tashi.

Ta tarar da Baba Birki a tsakar gida yana wanke babur ɗin da ya fi shekara bai tashi ba. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan bokiti ta kwashe komai ta gaya masa. Da farko dariya ya yi har soso ya faɗi, wai ma'aikacin gwamnati ya yi juyin mulki. Da ya dubi fuskarta sai ya goge hannu ya jawo kujera. Shi mutumin hanya ne, nan da nan ya hango ratse: ai katin yana kabad ɗinta, makulli yana hannunta, gobe da sassafe ta yanko sabo ta musanya, ta ce wa yarinyar ta sake aunawa, shi ke nan kowa ya huta. Gwaggo ta ce tun a cikin bas ta gama wannan tunanin. In ta musanya, sabon kati zai ce huɗu, rubutun yarinya ya ce takwas, kowa zai ce yarinyar ce ba ta iya riƙe ma'auni ba, ga shi ba a tabbatar da ita ba. In kuma ta yi shiru, kafin kwamiti ya zauna an gama kwashe albasa a buhunan wani.

Baba Birki ya daɗe yana sosa ƙeya.

"To ni fa na riga na gaya wa mai aski," in ji shi.

"Sai ka koma ka warware masa."

"Dama gashin ya taru." Ya ɗauki sosonsa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ni dai tun ba ki da takardar na aure ki."

Washegari ƙarfe takwas ta haura bene, ta kama hannun yarinya mai tabarau ta ce ta ɗauko ma'auninta su sauka sito. Aka buɗe kwantena, aka jawo bandir ɗaya. Gwaggo ta ce ta auna zirin a inda yake, kada ta taɓa shi. Yarinyar ta auna a wuri biyar, duk huɗu da ɗan ɗoriya. Sannan Gwaggo ta zaro ɗaya ta bi shi da farce a gabanta. Yarinyar ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta zauna a kan bandir ɗin.

A ofishin Oga aka yi abin da har yau ake ba da labarinsa a ginin. Gwaggo ta fara bayani, yarinyar ta katse ta, ta ce laifinta ne, ƙa'ida ta ce a auna a jikin saƙa, ita ce ta yi son jiki ta auna na kan kati don ta ga an jera mata. Gwaggo ta ce ta yi shiru manya na magana. Yarinyar ta ce sa hannun wa ke kan takardar? Gwaggo ta ɗaga babban yatsa ta ce wannan farcen a hannun wa yake? Sai ga su suna ɗaga murya, kowacce tana jan laifi wajenta. Oga ya kifa kai a kan teburi yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Ya ce shekararsa talatin mutane na shigo masa ofis suna tura wa juna laifi, bai taɓa zaton zai ga ranar da za a yi kokawa a kansa ba.

Da dariyar ta lafa ya jawo takarda. Ya ce zai saki kayan yau ɗin nan, amma lambar da aka riga aka shigar ba ta canzuwa sai an rubuta dalili, dalili kuma sai da suna. Yarinyar gargaɗi zai ba ta na baki, tunda katin da ofis ya ba ta ta auna. Ya dubi Gwaggo ta saman takardar.

"Gwaggo, kin san abin da wannan zai jawo."

"Na sani, Yallaɓai. Rubuta."

Layi huɗu ne kacal. Ta karanta a hankali, ta sa hannu, ta daidaita takardar da gefen fayil don kada ta zauna a karkace. Ya yi mata ciwo, babu amfanin a ɓoye. Ta sauka ta tsaya a bakin famfon bayan gini ta yi kukanta na minti biyu, ta wanke fuska. Abin da ya ba ta mamaki shi ne da ta ɗago sai ta ji yunwa, irin yunwar da rabonta da ita tun jiya da rana, ta ji kuma ƙafafunta sun yi sakayau.

Kafin azahar babbar mota ta ja baya zuwa ƙofar sito. Tun daga nesa ake jiyo Mai Buhu tana ba masu lodi umarni, waya a kunne ɗaya tana gaya wa matan rumfa su zuba wa kekuna mai. Da ta hango Gwaggo ta taho da gudu ta rungume ta, tana cewa Yaya addu'armu ta ci, an ce wani ne ya yi kuskure a ofis, Allah ya tona shi. Gwaggo tana iya yin murmushi ta bar maganar a nan, babu mai gaya wa matar har abada. Sai ta zare jikinta ta ce ta saurara. Ta gaya mata yadda aka yi, daga zirin har farcen, ba ta rage komai ba.

Mai Buhu ta kashe wayar. Ta dubi Gwaggo, ta dubi motar, ta sake dubanta. Masu lodi suka ci gaba da jefa bandir, ƙura na tashi.

"Ke ce kwana tara?"

"Ni ce."

"Kina ba ni cokali kina cewa amin?"

"Ban sani ba sai jiya."

Ta tambaye ta me aka yi mata a sama, Gwaggo ta ce ba komai, 'yar takarda ce. Mai sito da ke gefe, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, shi ya fasa ƙwan, ya faɗi wace takarda ta samu da wadda ta rasa. Mai Buhu ta juya ta dubi Gwaggo. Ta share ido da bakin mayafi, ta ja hanci da ƙarfi.

"Fushi zan yi da ke, Yaya, sosai ma. Amma sai na gama ɗinki, yanzu ba ni da lokaci. Buhu dubu shida ke jirana, kwana uku ya rage, kuma duk rumfata babu mai yanka a miƙe. Ina almakashin?"

Yana aljihun rigar aikinta, inda yake kullum. Gwaggo ta ce ai ba a tashi ba, saura awa uku. Daga tagar bene Oga, wanda ashe yana kallon komai, ya yi mata alama da hannu cewa ta tafi.

Sai da mutum biyu suka tura Gwaggo kafin ta hau gidan gaban motar, gwiwa na ƙara, Mai Buhu na bayanta tana cewa ta matsa. Direba ya tayar, mai gadi ya ɗaga ƙarfen ƙofa yana sara mata da wasa. Motar ta fita titi, Mai Buhu ta riga ta koma waya tana shelar cewa tana tafe da babbar ma'aikaciya daga kwastan, a share teburin yanka. Gwaggo ta waiwaya ta ƙaramar tagar baya ta ga jajayen bandir jere har sama suna rangaji, ta kama dariya ita kaɗai. Shekara ashirin da shida tana yankar tafin hannu ɗaya daga kowane yadi, yau ne karo na farko da za ta je ta ga inda sauran yake tafiya.